Rijiya Tara a Takarda

Takardar ta zo daga Kaduna cikin jakar Dogara,
shafi sittin, bangonta na sheƙi kamar sabon kwano.
Na buɗe ta a gindin ɗorawa bayan an tashi makaranta,
na bi layi da yatsa har na iske sunan garinmu:
Unguwar Barau, mutum dubu biyu da ɗari huɗu,
rijiyar burtsatse tara,
kashi tamanin cikin ɗari na shan ruwa mai tsabta.

Na ɗaga kai.
Ga Lantana tana hawowa daga rafi,
jarka a ka, jarka a hannu, ruwan kamar kunun kanwa.
Ko ita ce kashi ashirin ɗin?
To mata goma sha ɗayan da ke bayanta fa?

Washegari na ɗauki biro da ragowar littafin ɗalibi.
Taran suna nan, ba a yi mana ƙarya ba.
Ta bakin kasuwa hannunta ya karye tun bara waccan.
Ta masallacin Juma'a tari take yi, ba ta tofarwa.
Ta ƙofar gidan kansila tana da ruwa,
tana kuma da kwado.
Wata har kaza ta yi ƙwai a gindinta.
Uku ke jiƙa bokiti.
Wanda ya ƙirga, ƙarfe ya ƙirga, bai kai baki ba.

Na juya ƙarshen takardar, inda rubutu ya ƙanƙance
kamar kiyashi a bakin buhun sukari.
Can shekarar ta laɓe, shida ke nan da wucewarta.
Can aka ce gida arba'in aka tambaya.
Wane arba'in? Dogara ya yi dariya:
"Ni na raka su, Malam. Tsakiyar damina ce,
motarsu ba ta sauka daga kwalta ba.
Jama'a na gona ana maimai,
wanda aka tarar a gida shi ya amsa wa gari."

Sai na nufi ɗakin Inna Tabawa ungozoma,
mai jefa ƙwayar masara a gora duk cibiyar da ta yanke,
fara ta mace, ja ta namiji.
Muka zazzage a faifai, muka ƙirga har la'asar sakaliya.
Na ce, yau na kama gaskiya da hannu.
Ta ce, "Sassauta riƙon, ɗan nan.
Haihuwar asibitin Hunƙuyi ba ta shiga gorata,
kuma shekarar ambaliya ɓera ya ɓula gindinta,
ban san yara nawa ya ci ba."

Mako uku ina bin gida gida,
ana ba ni tabarma, ana ba ni ƙorafi,
wani ya ƙara 'ya'ya don ya ji ƙishin-ƙishin ɗin tallafi,
wani ya rage don tsoron haraji.
Na haɗa nawa lissafin, na zana shi a allo
da alli mai launi, ina jin kaina.

Ja'e ne ya ɗaga hannu, ɗan aji biyar,
wandonsa jiƙe har gwiwa kamar kullum.
"Malam, mu na rugar ƙetaren rafi,
a wane layi muke?"

Na duba allon daga sama har ƙasa.
Ajin ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya.
Motarsu ta tsaya inda kwalta ta ƙare,
ni kuma na tsaya inda takalmina zai jiƙe.

An ce gani ya kori ji,
ba a faɗa mana ido ma yana da inda yake juyawa ba.

Ban goge allon ba.
A ƙarƙashin jimillar na rubuta sunana, da wata, da rana,
na ƙara: bai ƙetare rafi ba.
Ja'e ya ce gobe in zo da sassafe kafin a saki shanu,
kuma in naɗe wando,
ruwan ya fi yadda ake hange daga nan.